Turmi a Cikin Taurari

Wuta ta dawo Wad Madani ƙarfe goma sha ɗaya.
Fanka ta yi tari, ta tashi,
ni ma na tashi.

Kaset ɗin nan ya girme ni da shekara biyu.
Baffa Tanimu ne ya ɗauke shi,
ya kara rikoda a bakin talabijin baƙi-da-fari
daren wata Laraba, a tsakar gidan nan,
lokacin da ake nuna mutanen da suka hau kumbo
suka tafi neman rana ta biyu.
An ce har zaren da ke riƙe da kumbon ana gani.
Kiɗan kuwa babu zare a jikinsa.

Na ja layi biyar-biyar a takarda
kamar kunyoyin auduga a Jazira,
ina shuka baƙin iri ɗaya bayan ɗaya.
In danna, in saurara, in tsayar,
in zura fensir a idon kaset in mayar da shi baya.

Goge ne ke fara shigowa, ba ɗaya ba, sun kai ashirin,
a hankali, kamar ruwa idan an buɗe bakin kwata.
Babban goge yana ƙasa, yana gurnani,
shi ne duhun da ke tsakanin Zara da Gamzaki.
Sai kakaki uku su miƙe tsaye,
tsalle ɗaya, daga gindin tsani zuwa ƙololuwa,
a nan ne kumbon yake rabuwa da ƙasa,
a nan ne kullum nake manta ina rubutu.
Sarewa kuma, baiwar Allah,
ita kaɗai aka bari a baya tana kiran sunaye.

Duk na kama su. Na ba kowa layinsa.
Saura abu ɗaya.

A gaɓa ta talatin da ɗaya wani bugu yana shigowa,
dum, dum, dum,
ba tambari ba, ya fi shi ƙanƙanta,
ba ganga ba, fata ba ta magana haka.
Yana makara kaɗan, sai ya cim ma kiɗan,
sai ya wuce shi da rabin taku.
Kwana uku ina goge takarda
har ta huje a wurin.

Da safe na kai wa Baffa.
Shekara ashirin da shida yana busa begila
a ƙungiyar badujala ta 'yan sanda,
yanzu kunnen hagu ya yi ritaya,
na dama yana zuwa aiki jefi-jefi.
Ya rungume rikodar kamar jinjiri,
ya ɗora kunci a kanta.
Gaɓa ta talatin ta wuce.
Ya yi dariya har hularsa ta zame,
sannan ya daina.

Ya ce, Asabe, wannan ba na Turawan ba ne.
Uwarki ce.
Tana amarya, tana daka gahawa a ƙofar ɗaki,
na ce ta dakata, ta ce baƙi na jira.

Jabana ta huce a gabanmu.
Can bakin Nilu wani yana kiran jakinsa.
Babu wanda ya danna komai,
kaset ya tafi har ƙarshe, ya yi ƙas.

Shekara tara ke nan da muka kai ta makwanci
ban san tana nan ba,
tsakanin kakaki da sarewa,
tana bin kumbo da taɓarya.

Daren nan na ƙara layi a ƙasan shafi,
ƙarƙashin babban goge, inda babu kowa.
Na rubuta: turmi, ƙarami, na icce.
Na rubuta: a makara kaɗan.
Wanda zai buga, kada ya gyara.