Ƙofar Aro

Da asuba a tashar jiragen Baltimo
ina ɗaure tayoyin tsohuwar mota
cikin kwantena mai warin gishiri da tsatsa.
Igiya huɗu, ƙulli takwas.
A takarda an rubuta Maraɗi,
amma jirgin ruwa bai san Maraɗi ba.
Zai sauke ta a gaɓar wasu,
daga nan sai yadda masu ƙofa suka ga dama.

Abokin aikina sunansa Tek,
mutumin Nepal, gajere, mai yawan shan shayi.
Ran da na gaya masa abin da sunansa ya kusa zama a harshenmu
ya yi dariya har ya ƙware.
Ya ce, wasali ɗaya ya rage mini,
mu ma haka muka rasa shi.

Da hutun rana ya ajiye gurasarsa kan benci,
ya danne ta da takalmansa biyu na ƙarfe.
Wannan yana ba mu mai, in ya yi fushi ya rufe famfo.
Wancan yana fasa mana dutse ya shimfiɗa titi,
takardar bashin tana tafe a baya.
Ban ce komai ba.
Na tuna shagon yayana Lawali,
taliya daga arewa, siminti daga kudu,
fitilar ma wutarta baƙuwa ce.
In kuɗin maƙwabci ya yi tari
albasarmu ce ke kwana da zazzaɓi.

Gidanmu babba ne, Tek,
akwai rumbu, akwai turke, akwai rijiya,
sai dai duk mai fita
ta zauren wani zai bi, ya cire takalmi.
Masu zauren kuwa ba sa ga maciji da juna.
Ka gaida wannan da ƙarfi, wancan ya ji,
gobe ka tarar da sakata.
Harshe ne mu tsakanin haƙora,
mun iya magana mai laushi ba don muna so ba.

Jiya Lawali ya kira.
Motar bara tana nan a iyaka,
wata na bakwai, ɓeraye sun haihu a kujerar baya.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.
Inna ta karɓi wayar ba ta tambayi mota ba.
Ta ce, Tsahiru, wai ruwan nan da kake faɗa,
da gaske ba a ganin ƙarshensa?
In za ka zo ka ɗebo mini a kwalba.

Na ɗebo.
Tana nan kan tagar ɗakina, laka ta kwanta a gindinta.
Tek ya gani ya ce in zuba masa rabi.
Muka raba a gorar lemo,
kowa ya rufe tasa da kyau,
muka koma ɗaure motocin mutane.