Inda Kifina Ya Fito

Shekara talatin ina kwance damin kifi a Taminos,
tun kasuwar na da rufi, kafin wuta ta lashe ta.
Jikin kowane buhu an buga Norway da baƙar tawada,
ni kuwa ban taɓa tambaya ba
ko gari ne, ko sunan mai kamfani.

Sai ga Zulai, autata, karatun jinya ya kai ta can.
Duk hutu sai wayata ta yi ƙara,
in goge hannu a gefen riga, in kira Kaneng mai tumatir
ta buɗe mana, don idona ya fara gardama.

Na farko wani dutse ne, wai Mumbari suke ce masa,
shafaffe kamar faifai, ƙasansa rami ba iyaka,
ruwa kwance can ƙasa kamar an zubar da shuni.
Ga 'yata a bakinsa tana dariya.
Na ce ja baya! Na manta hoto ba ya ji.
Kaneng ta taɓe baki, ta ce dutsen Riyom fa?
Wa ya ɗora wani kan wani, har yau bai faɗo ba?

Aka turo Bergen, gidajen katako a bakin teku,
ja, rawaya, fari, sun jingina da juna
kamar tsofaffin da suka gaji a layin fansho.
Ta ce ruwan sama ba ya hutu a garin.
Na ce to, Agustan Jos ne ya yi ƙaura.

Aka turo ruwa bakwai masu zubowa daga tsauni,
wai 'yan'uwa mata ne.
Na ƙirga, shida na gani.

Na Oslo kam, lambun gumaka ba ko zane,
kife wayar na yi a kan sikeli.
Kaneng ta yi dariya har tumatir ya gangara kwata.

Wata rana ta kira, muryarta a dame:
Baba, sha biyun dare, ga rana tsaye,
yaushe zan yi Magariba?
Na je wurin liman da tambayar,
ya daɗe yana shafa gemu kafin ya ce in dawo jibi.
Da sanyinsu ya zo kuma, ranar ta ɓace ɗungurungum,
sama ta yafa koren mayafi tana kaɗa shi.
Wannan ban ce komai ba. Tasbihi na yi.

Amma jiya.
Jiya daga wasu tsibirai, Lofoten,
ba gini, ba gunki,
sai rumfunan itace dogaye kamar na 'yan katako,
kifi bibbiyu ɗaure ta wutsiya, dubu kan dubu,
iska na shanya su.
Kawunan a gefe, an shirya su a igiya.
Ban nemi Kaneng ba, na gane su.
Bakin nan a buɗe, na san shi fiye da fuskar maƙwabcina.

Ta ce wani dattijo mai jar hula ya tambaye ta ƙasarsu,
da ta faɗa, sai ya nuna kawunan, ya nuna ta.
Ta ce masu yawon buɗe ido na toshe hanci suna ɗaukar hoto.
Ita ta tsaya.

Yarinyar da ke roƙona, tana aji uku,
kada in zo makarantarsu da kayan kasuwa,
ita ce ta ce: Baba, duk tsibirin nan
ƙamshin rigarka yake yi.

Ƙamshi ta ce.

Mama Nkiru na tsaye tana jiran kai biyar na miyar Lahadi.
Na sa mata shida,
na juya baya kamar ina neman leda.