Garafunin Gwaggo Yalwa

A Harbo, bayan rumbunmu na gabas,
akwai dangar kara da ta tsufa ta karkace.
Ba ƙarfin dirka ya tsai da ita ba,
garafuni ne ya ɗaure ta da siraran yatsunsa.

Gwaggo Yalwa ce mai shi.
In ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi,
sai ta kwance ƙulli daga bakin zane:
ƙwaya uku a rami, zurfin gaɓar yatsa,
toka kaɗan da kashin awaki.
"Kar a cika masa ruwa, ba shinkafa ba ne.
A ba shi abin hawa, ya san hanya."

Mako guda, kunne biyu.
Wata guda, ya kama kara.
Fure rawaya, sai 'ya'ya masu ƙurji kamar bayan kwaɗo,
su nuna, su fashe da kansu.
Mu tsotsi jar ƙwayar, mu tofar,
ashe shuka muke taya ta ba mu sani ba.

Ganyen kuwa, ɗaci har ƙeya.
Ranar da ɗanyen mangwaro ya murɗe min ciki
ta dafa shi da 'yar jar kanwa,
ta toshe min hanci:
"Haɗiye, Barau.
Abin da ya yi maka daɗi shi ya kwantar da kai."

Mai jego ta ci shi a fate.
Mai ƙaiƙayi ya yi wanka da ruwansa.
Mai ciki kuwa, "Ke, janye hannunki, sai kin sauka."
Zazzaɓi in ya kwana uku,
da kanta take kiran mai babur:
"Ku kai shi asibitin Jahun.
Ganye ma ya san iyakarsa."

A inuwa take shanya shi.
Wai rana ɓarauniya ce, tana sace ƙarfin.

Bara muka ture dangar, muka ja katangar bulo,
sumul, babu inda yatsa zai kama.
Gwaggo shekara huɗu ke nan a makwancinta.

A tsohuwar kwallarta na tsinci ƙullin.
Ƙwaya tara.
Na buga ƙusa, na ɗaura igiyar rama.
Biyu suka tsiro, kaza ta tone ɗaya.

Ɗayan yau ya wuce kafaɗata.
Ɗazu 'yata Ladidi ta tsinki ganye ta tauna,
ta yamutsa fuska, ta tofar,
ta ce, "Baba, wa ya shuka wannan mugun abu?"