Agogon da Ba Shi da Hannu

Babana agogo yake gyarawa
a bakin Kasuwar Barci, ƙarƙashin laima mai faci uku.
Yakan kara agogon mutum a kunne,
ya lumshe ido, ya ce: wannan ɗingishi yake yi.
Ni ban taɓa jin ɗingishin ba.

Yau ga ni a Kakuri, bayan masaƙar da ta yi shiru,
a wani asibiti mai gado tara.
Na kwance bayan na'urar duba ciki,
sukurori goma sha ɗaya a murfin kwalba,
Sista Rifkatu a tsaye a kaina, hannu a ƙugu.
Ta ce tun Laraba hoton ke rawa,
kai ya zama biyu, ƙashi ya zama hayaƙi.
Mata bakwai a benci.
Ruwa yana dukan kwano.

Akwai agogo a cikin nan, Sista.
Ta leƙa, ta ce: ina hannunsa?

Ba shi da hannu, ba shi da fuska.
Ɗan dutse ne a gidan ƙarfe, bai kai ƙwayar wake ba.
Da an ba shi wuta sai ya kama ɓari,
sau miliyan arba'in kafin daƙiƙa ta cika.
Kowane ɓari umarni ne:
tashi, kwanta, tashi, kwanta,
ɗaya, sifili, ɗaya.
Da shi ake sassaƙa ƙarar da kunne ba ya ji,
a aika ta cikin jiki,
a yi tsit, a jira amsa-kuwwa.

Na'urar makauniya ce, ƙirga kawai ta iya.
In amsa ta dawo bayan bugu ɗari biyar da ashirin
sai ta ce: zurfin santimita ɗaya.
In mai ƙirga ya yi tuntuɓe
sai a ɗora goshin yaro inda babu goshi.

Na kafa tsinken awo a ƙafar dutsen.
Koren layi ya hau allo.
Kamata ya yi ya tsaya kamar matakalar bene,
kowane taki daidai da ɗan'uwansa,
amma gefensa karkarwa yake
kamar inuwar gada ranar da kogi ya kawo.
Ga ɗingishin, Baba.
Shekara ashirin da shida, sai yau na gan shi,
kuma da ido.

Dutsen ba shi da laifi.
Wata 'yar kafasita ce ta kumbura a gefensa,
ta gaji da karɓa-karɓar NEPA da janareto,
tana ba shi wuta mai tsakuwa.
Akwai irinta a gwangwanina, cikin tarkacen rediyo.
Warin dalma ya cika ɗakin.
Hannuna bai yi rawa ba.
Wannan kaɗai na gada, laimar ƙanena ya ɗauka.

Muka kunna.
Layi ya miƙe ƙyam, taki bayan taki.
Aka kira ta farkon benci, Ladidi daga Nasarawa,
silifa a hannu saboda taɓo.
Na tattara komatsaina na koma bayan labule.

Daga can na ji shi,
fat-fat, fat-fat,
ɗari da arba'in a minti,
agogon da ba ni na saita ba.
Na yi lissafi a tafin hannu da biro:
tsakanin fat da fat
dutse ya buga miliyan goma sha bakwai.
Duk wannan gudu
don a ji guda ɗaya da kyau.

Sista ta leƙo: kuɗinka sai ƙarshen wata.
Na ce to.

Goma na ɗaure. Na sha ɗayan yana nan a murfi,
na rasa raminsa, na jefa shi aljihu.
A Keke, wajen gada, wani ya tambaye ni lokaci.
Na duba na Baba a wuyan hannuna,
na ƙara minti huɗu, kamar kullum,
sannan na faɗa masa.