Dara a Ambursa

Ƙarfe takwas aka ce.
Da takwas ta yi aka ce sha ɗaya.
Da sha ɗaya ta gota, wani mai rigar ƙyalli ya leƙo,
ya ce jirgin bai bar Jidda ba, sai dai asuba, a yi haƙuri.
Haƙurin da shi muka zo.
Ni tun daga Aliero na ɗauko nawa
a motar aro mai warin albasa,
na zo taryen Inna Tumba,
wadda ta tara kuɗin kujera shekara goma sha ɗaya,
buhu bayan buhu.

Ba a barin mu ciki.
Muka baje bakin waya kamar kasuwar da ba ta da rana,
mai tabarma, mai kwali, mai shimfiɗa rawaninsa.
An yi yayyafi da magariba,
kwaɗin fadama sun karɓe filin da hayaniya,
sauro na bin sahu yana karɓar nasa harajin.
Mai shayi ya ƙare madara, ya ƙare suga,
yanzu ruwan zafi yake sayarwa da labari.
Wurin caji guda ɗaya, wayoyi tara a kansa,
kowa na gadin tasa da wutsiyar ido.

Wani dattijo ya dafa ni.
Ya ce, ɗan nan, ka iya dara?
Jabbi sunansa, daga Bunza,
yatsunsa duk sawun igiyar taru.
Muka haƙa gurabu a jiƙaƙƙiyar ƙasa
ƙarƙashin fitilar da ƙwari suka yi wa rumfa,
shi da ƙwallayen dabino, ni da marafan kwalba.
Ya ci ni.
Muka sake, ya ci ni.
A na uku na ga hanya sarai, na yi murna,
ashe shi ya buɗe mini ita.

Ƙarfe biyu injin wuta ya yi tari ya mutu.
Duhu ya sauko, taurari suka matso kusa,
wata yarinya ta nuna ɗaya mai tafiya
ta ce ga jirgin Baba.
Ba wanda ya ce mata a'a.

Na ce, Baba Jabbi, wa kake tarye?
Ya juya ƙwallon dabino a tafinsa,
ya daɗe yana juyawa.
Ya ce, jaka.
Ƙanena Nomau ya kwanta a Mina, bai tashi ba.
Sun ce kayansa na cikin wannan jirgi,
kuma ba ya kyautu kayan mutum su sauka
ba kowa tsaye.
Sai ya ce, kai ke da wasa.
Na ɗora marfi inda bai kamata ba,
bai ci ni ba, ya yi kamar bai gani ba.

Kiran salla ya fara daga cikin gari.
Muka yi alwala da buta ɗaya, mu bakwai.
Ana sallamewa ƙarar ta iso kafin hasken,
kwaɗi suka yi tsit,
kowa ya miƙe yana neman takalminsa.

Inna ta fito da hantsi, ta rame, tana tari,
ta rungume jarkar zamzam kamar jika,
tambayarta ta farko, an yi wa gona ban ruwa?
Ina dariya ina share ido, na waiga.
Can gefe Jabbi na sa hannu a takarda,
aka miƙo masa jaka mai suna da jan fenti.
Ya ɗora ta a ka, bai yarda kowa ya taya shi ba.

Da muka zo wucewa na duba wurinmu.
Ƙafafu sun tattake gurabun,
saura ƙwallayen dabino uku a jere.
Na tsince su, suna aljihuna har yau.