Tukubata a Ƙofar Madam

Ni dai ban taɓa kurɓa ba, Allah ne shaida.
Tsire nake gasawa a Ƙaura, bayan tashar jirgi,
taku bakwai daga ƙofar Madam Nkiru.
Ƙishirwar wasu ce ta yi mini rufin kwano,
shi ya sa nakan cika yaji da gangan.

Maganar ta faro daga bakin masu wa'azi,
ta shiga rediyon mai shayi, ta zaga rumfar mahauta.
Muka ce iska ce, za ta kwanta.
Ba ta kwanta ba.
Ran da aka yi shela a Gusau na ɗare bayan a-kori-kura,
na yi kabbara har muryata ta dushe.
Sai a hanyar dawowa, wajen Kasuwar Daji,
na tuna cinyar sa biyu da na karɓa bashi.

Madam ba ta yi gardama ba.
Ta ƙirga akwatunanta cikin dare,
ta ɗaure firji da igiyar guga a bayan tirela,
ta bar mini benci guda da mabuɗin kwalba:
"Mai tsire, riƙe, ko lemo ka buɗe."
Kwalaben da aka tono a lunguna, da hantsi aka fasa su.
Kumfa ta gangara kwata,
awaki suka sansana suka kau da kai,
yara na tsintar marafai don wasan dara.

Nomau, da ya tsufa yana ba jirgi hannu,
kwana tara nasa hannun na rawa,
ya kasa kai tsinke baki.
Ya zauna a bencin, ya ce duniya ta cika haske.
Matarsa Ige ta aiko mini fura, ba ta faɗi dalili ba.
A watan ne kuɗin fansho suka fara kwana a gida.

Wasu kuwa buta suka koya wa sabon aiki,
wasu suka gano hanyar Funtuwa da magariba,
su dawo da asuba suna taunar kanumfari.
Ba na tambaya.
Wuƙata nama take yankawa, ba hukunci ba.

Yanzu ƙarfe tara nake kashe wuta.
Ɗakin Madam tela ya kama shi,
keke na sukuwa inda kaset ke kuka.
Dare ya yi tsit har ina jin kwaɗin fadama.
Ciniki ya ragu, barci ya ƙaru,
ban san wanne ya fi nauyi a sikeli ba.

Mabuɗin yana nan a aljihuna.
Da shi nake kankare maiƙo a bakin tukuba.