Jikan Mai Fito a Kogin Talkeetna

Daga garin Talkeetna ƙaramin jirgi ya kwashe mu,
yana tari kamar tsohon injin markaɗe,
ya ajiye mu inda ba hanya, ba turken waya,
ya juya da ƙararsa.
Shirun da ya bar mana ya fi kayanmu nauyi.

Mu shida ne, da kwale-kwalen roba mai ruwan ɗorawa.
Kyauta, 'yata, ita ta biya,
wai tukuicin shekara sittin.
Ban gaya mata ba
cewa ruwan da ya wuce gwiwa ban taɓa shigarsa ba.

Kakana mai fito ne a Yawuri,
da gora guda yake tsallakar da kasuwa.
Ruwan nan dai ya ci yayana Jatau, yana ɗan tara.
Daga ranar Baba ya ja mana layi a gaɓa da sandarsa,
layin ya biyo ni makaranta, ya biyo ni jirgin sama,
ya zauna da ni shekara ashirin bayan kantar magani a Anchorage.

Jagorarmu Corliss, tafin hannunta duk faso,
ta ja maɗaurin rigar cetona har numfashi ya ƙage.
Ta ce, in ka faɗa kada ka miƙe tsaye,
dutse zai riƙe ƙafarka, ruwa ya danne ka.
Kwanta rigingine, ƙafa gaba, dubi sama.
Na ce a raina, wannan ai kwanciyar gawa ce.

Kwana biyu kogin yana mana ladabi.
Ruwansa toka-toka, ƙanƙara ce ta narke ta haife shi,
ko alwala sai ka cije leɓe.
Rana ta ƙi faɗuwa sai tsakar dare,
ta ɗan runtsa ta dawo,
na bi agogo na yi isha da haske a goshina,
sauro na bin sahu.
Da safe ga sawun beyar a yashi, faɗin faranti,
taku bakwai daga tantina. Na ƙirga.

Rana ta uku duwatsu suka matso suka haɗa kafaɗa.
Tun kafin mu gani muka ji,
kamar ana sauke tirelar tsakuwa ba ƙarewa.
Corliss ta ce gaba! Muka tuƙa.
Ta ce hagu baya! Na yi dama.
Taguwa ta miƙe, fara fat, ta fi soro,
ta ɗauke ni kamar yadda ake cire ƙuda a nono.

Sanyi ya fara kama ni, kafin tsoro.
Ƙafata ta nemi ƙasa, ta kusa samu.
Sai na tuna, na saki.
Na kwanta wa abin da na yi shekara hamsin ina gudu,
ya ɗauke ni a bayansa,
sama ta zama siririn zare tsakanin duwatsu,
mikiya guda a ciki, ko a jikinta.
Na kira Jatau. Ban san zan kira shi ba.

Hannu biyu suka damƙi kafaɗun rigata.
Kyauta ce, wadda na goya zuwa rigakafi,
ta faɗa baya da ni a ƙirjinta,
muka zube a ƙasan jirgi kamar kifin da aka fid da koma,
tana kuka tana yi min faɗa da Turanci.

Tabarau ya tafi. Kogin ya karɓi kuɗin fitonsa.

Da dare, bakin wuta, Corliss ta miƙo min shayi,
ta ce, ka iya ruwa ashe.
Na so in fassara mata iya ruwa fid da kai,
na ga ba ni na fid da kaina ba,
na yi shiru na sha.

Ranar da muka sauko Talkeetna
komai dishi-dishi nake gani, gidajen katako, layin dogo.
Na tsaya a gaɓa, takalmi na tsiyaya,
na duba ƙasa ina neman layin Baba.
Wataƙila yana nan.
Ba tabarau, ban gan shi ba.